Leda Mai Launi a Kan Farin Shafi: Tarihin Wata Doguwar Gardama

A watan Nuwamba na shekarar 1896, wani likita mai suna Pringle Morgan da ke aiki a Seaford, wani ƙaramin gari a gaɓar teku a kudancin Ingila, ya buga ɗan gajeren rahoto a babbar mujallar likitocin Birtaniya. Rahoton a kan wani yaro ne ɗan shekara 14, Percy. Yaro ne mai kaifin basira, gwani a wasanni, lissafi bai taɓa ba shi wahala ba, kuma tun yana ɗan shekara bakwai ake ta fama da shi a makaranta da hannun malaman gida. Amma karatu ya ƙi. Da likitan ya ce ya rubuta sunansa, sai ya sa harafi na uku a gurbin na biyu, ya rubuta Precy. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. Morgan ya duba idanun yaron, ya same su garau.

Duk da haka sunan da ya ba matsalar shi ne makantar kalma, wadda aka haifi mutum da ita. Ba shi ya ƙago sunan ba. Wani likitan Jamus, Adolph Kussmaul, ya riga ya yi amfani da shi a 1877 a kan manyan mutanen da suka iya karatu da can, sannan wani ciwo ya taɓa musu ƙwaƙwalwa karatun ya ɓace. Shekara goma bayan haka, a 1887, Rudolf Berlin na birnin Stuttgart ya kawo kalmar da ake amfani da ita har yau, wato disleksiya. Berlin likitan ido ne. James Hinshelwood na birnin Gilasgo, wanda ya shafe shekaru yana tattara labaran irin waɗannan yara har ya fitar da littafi a 1917, shi ma likitan ido ne. Dalilin a fili yake: iyayen da ɗansu ya kasa karanta abin da ke gabansa, wurin mai duba ido za su fara nufa. Hinshelwood kansa ya ce laifin ba a ƙwayar ido yake ba, yana can cikin ƙwaƙwalwa. Sai dai tun ran gini tun ran zane. Matsalar ta shigo duniya da sunan makanta, a hannun likitocin ido, kuma sama da shekara ɗari ke nan mutane ba su daina neman maganinta a ido ba.

A Amurka, Samuel Orton ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi ba da niyya ba. A 1925 ya lura cewa yaran kan rikita haruffan da suka yi kama, irin su b da d, ya kira abin da wani suna mai nufin murɗaɗɗun alamomi. Daga nan ne maganar nan ta bazu cewa mai disleksiya a juye yake ganin rubutu. Duk malamin firamare da ya koyar da boko ya san ƙananan yara da yawa, masu matsala da marasa ita, sukan yi wannan ruɗani a farkon koyo, balle a Hausa da aka ƙara musu da ɓ da ɗ. Abin da mutane suka manta shi ne maganin da Orton ya bayar ba na ido ba ne. Shi da Anna Gillingham sun tsara hanyar koyarwa ce, harafi da sautinsa ɗaya bayan ɗaya, yaro na gani yana furtawa yana bin siffar harafin da yatsa.

Maganar launi ta shigo ne a makare, kuma a hankali. A 1964 likitan ƙwaƙwalwa Macdonald Critchley ya ambaci wani yaro da ya kasa karanta kalmomi a farin kati amma ya karanta su a kati mai launi. Ba wanda ya bi sawun zancen. Sai a 1980 wata malamar makaranta a Niyu Zilan, Olive Meares, ta wallafa abin da ɗalibanta ke faɗa mata. Ita dai tambayarsu ta yi me suke gani idan sun dubi shafi, abin da ba kasafai ake tambayar yaro ba. Wasu suka ce farin takardar na ƙyalli har yana cinye baƙaƙen haruffan. Wasu suka ce kalmomin na motsi, ko suna dishi-dishi, ko kuma farin da ke tsakaninsu ya fi rubutun fitowa. Meares ta ga cewa idan aka rage hasken shafin, da takarda mai launi ko da wata leda mai duhu-duhu, wasunsu kan ce sun sami sauƙi. Ba ta buɗe kasuwa ba, kuma ba ta ce ta gano maganin disleksiya ba.

Wadda ta kai maganar ga duniya ita ce Helen Irlen, masaniyar halayyar ɗan Adam da ke aiki da manyan ɗalibai masu wahalar karatu a wata jami'a a Long Beach, jihar Kalifoniya, a farkon shekarun 1980. Ita ma ta ji irin koke-koken da Meares ta ji, ta kuma gwada shimfiɗa fallayen leda masu launi a kan shafi. A 1983 ta gabatar da bayaninta a taron ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka. Ta ce akwai wata larura ta musamman da ba a sani ba, wadda ke hana ƙwaƙwalwa sarrafa wasu nau'o'in haske, kuma kowane mai ita yana da launinsa da ya dace da shi. Daga leda ta wuce zuwa tabarau masu rini. Ta kafa cibiya da sunanta, ta riƙa horar da masu tantancewa tana ba su izini, yadda za a zaɓi launin kuma ya zama sirrin cibiyar.

Sai talabijin ya riga malam masallaci. Shirin 60 Minutes na Ostareliya ya nuna aikinta a 1985, takwaransa na Amurka ya bi baya a 1988. Masu kallo suka ga mutanen da suka sha wuya shekara da shekaru sun sa tabarau sun kama karatu a gaban kyamara. Uban da ya gaji da jin ana kiran ɗansa daƙiƙi, wace hujja yake nema bayan wannan? Cibiyoyi suka bazu zuwa ƙasashe da dama, littafinta ya fito a 1991, alhali ba a riga an yi gwaji ko ɗaya mai ƙwari ba. Cibiyar kuma na cewa kusan rabin masu wahalar karatu suna da wannan larura.

Masana ido sun fara tuntuɓe ne tun daga sunan. Irlen ta sa wa larurar wani suna da ya ƙunshi kalmar sikotofik, wadda a ilimin gani take nufin ganin da ake yi a duhu. A tantanin da ke can ƙurewar ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu: masu aiki da dare, waɗanda ba sa bambance launi, da masu aiki da rana, waɗanda da su ake ganin launi da ƙananan abubuwa. Da na ranar ake karatu. Ta yaya za a ɗora matsalar karatu da launi a kan ƙwayoyin da ba su da hannu a ko ɗaya daga cikin biyun? Sannu a hankali aka yi watsi da sunan, aka koma kiran abin da sunan Irlen, ko da sunayen matan biyu a haɗe.

A daidai waɗannan shekaru, can nesa da kyamara, wani bincike na daban ya riga ya yi nisa. Isabelle Liberman da abokan aikinta a Amurka sun ba ƙananan yara ɗan sanda, suka ce wasu su ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya ga kowace gaɓa ta kalma, wasu kuma ga kowane sauti. Mu ɗauki kalmar gida: gaɓa biyu ce, amma sauti huɗu. Ƙirga gaɓa bai cika ba yara wuya ba. Rarrabe sautukan shi ne aiki, kuma yaran da suka fi shan wuya a nan su ne karatu ke gagara. Frank Vellutino ya zo da wani gwaji da ya fi kowanne burge ni saboda sauƙinsa. Ya nuna wa yara haruffan Ibrananci, rubutun da ba su taɓa sani ba, ya ce su kwafa da ka bayan sun gani. Masu wahalar karatu suka yi daidai da sauran. Da a ce idonsu ne ke murɗe siffofi, da a nan ma ya murɗe. A 1983, shekarar da Irlen ta yi jawabinta, Lynette Bradley da Peter Bryant na Okusfod suka buga sakamakon bin sawun yara wajen 400 tun kafin su fara karatu: yadda kunnen yaro ke kama kalmomin da suka yi kama a sauti yana nuna yadda karatunsa zai kasance bayan shekaru, kuma idan aka horar da shi a kan sauti da harafi yana ci gaba. Daga lokacin mafi yawan masana suka tsaya a kan cewa tushen disleksiya yana wajen haɗa harafi da sautin magana.

Da abin ya tsaya tsakanin Irlen da waɗannan masana, da gardamar ta mutu tuni. Wanda ya raya ta shi ne Arnold Wilkins, mai bincike a wata cibiyar Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya da ke Kambirij. Shi ba daga ajin karatu ya fito ba, daga binciken farfaɗiya ya fito, irin wadda walƙiyar haske ko zane mai ratsi-ratsi ke tayarwa. Ya lura cewa irin wannan ratsin yakan dami masu ciwon ɓarin kai, har ma da wasu lafiyayyu: su ga launukan da babu su, layuka su riƙa kaɗawa, ido ya yi nauyi. Shi ne kuma ya nuna a ƙarshen shekarun 1980 cewa ƙiftawar dogayen ƙwayayen lantarki na ofis, wadda ido ba ya ma ankara da ita, tana ƙara wa ma'aikata ciwon kai. To mene ne shafin littafi in ba ratsi ba, baƙi da fari, layi bisa layi? Hasashensa shi ne a wasu mutane sashen gani na ƙwaƙwalwa yana da saurin harzuƙa, launi kuma na iya karkatar da aikin daga wuraren da suka fi harzuƙar. Ya kira abin gajiyar gani, kuma tun farko ya ce ba shi ne disleksiya ba.

Wilkins ya ƙi yarda da sirri, sai ya ƙera na'ura da kowa zai iya dubawa. Akwati ne mai taga. Mutum zai zauna ya leƙa, ya ga shafin rubutu a ciki, hasken da ke haska shafin kuma ana iya juya shi. Mai gwajin zai murɗa, hasken ya tashi daga ja zuwa ruwan goro, zuwa rawaya, kore, shuɗi, shunayya, yana tambaya a kowane mataki ko ya fi ko ya ƙara muni. Idan aka tsaya a kan launi, sai a koma ga ƙarfinsa, a ƙara a rage, ba tare da an taɓa yawan hasken ba. A ƙarshe a jera gilasan gwaji har su ba da wannan launin, a aika a rina tabarau. Wani abin mamaki da suka gano da kansu: launin da mutum ya zaɓa a leda sau da yawa ba shi yake zaɓa a tabarau ba.

A 1994 ya buga gwajin da har yau magoya bayan launi ke kafa hujja da shi. An ɗauki yara 68, aka yi wa kowanne tabarau biyu, ɗaya da ainihin launin da ya zaɓa, ɗayan da launi makusanci amma ba shi ba. Kowane tabarau wata guda ake sawa, yaro bai san wanne ne wanne ba, mai dubawa ma bai sani ba, kuma ana rubuta ranakun ciwon kai da gajiyar ido. Sakamako ya nuna ranakun ciwo sun ragu da launin da ya dace. Amma ba a samu cikakkun bayanan kusan rabin yaran ba, na 36 kaɗai aka iya lissafawa, sannan a ma'aunin karatu ba a ga wani bambancin a zo a gani ba tsakanin tabarau biyun.

Bayan shekara biyu sai ya fito da nasa ma'aunin. Kalmomi 15 ne masu sauƙi, waɗanda kowane ɗan aji ɗaya ya sani, aka jera su a layi ba tare da ma'ana ba, kowane layi da nasa hargitsin, an rubuta da ƙananan haruffa a matse. Yaro zai karanta da ƙarfi na minti ɗaya a ƙirga, da leda da kuma babu leda. Da wannan ma'auni ya ba da rahoton cewa kimanin kashi 5 cikin 100 na 'yan makaranta saurinsu kan ƙaru da fiye da rubu'i idan an shimfiɗa musu leda. Masu suka suka ce furta kalmomi barkatai da sauri daban, karanta labari a fahimta daban. Nan da nan dai ledar ta cika makarantun Birtaniya, don tana da araha kuma malami zai iya miƙa wa ɗalibi ba sai an je asibiti ba.

Su kansu masu launin bakinsu bai zo ɗaya ba. John Stein na Okusfod, wanda ke ganin raunin yana cikin wasu manyan ƙwayoyin jijiya masu kula da motsi da saurin gani, ya ce launi biyu sun isa, rawaya ko shuɗi. Irlen da Wilkins kuwa sun ce sai an dace da launin mutum daidai wa daida. Maganganun biyu ba za su zama gaskiya tare ba.

Babban cikas a duk wannan bincike abu ne da kowa zai gane. Idan ana gwada ƙwayar magani, ana iya ba wasu ta gaske, wasu ta bogi mai kama da ita, ba wanda ya san tasa. Launi fa? Yaro na ganin ledarsa shuɗiya ce. An zauna da shi, an saurari kukansa, an gaya masa ba daƙiƙanci ba ne, ga kuma launinsa na kansa. Yaron da aka yi wa haka zai dage ya karanta na minti ɗaya fiye da yadda ya saba, ko da ledar ba ta yi komai ba.

Masu bincike uku daga Jami'ar Edinbara, Stuart Ritchie da Sergio Della Sala da Robert McIntosh, sun nemi toshe wannan kafa a wani gwaji da suka buga a 2011. Sun ɗauki yara 61 masu wahalar karatu a Sikotlan, 'yan shekara 7 zuwa 12, suka miƙa su ga mai tantancewa da cibiyar Irlen ta horar. Aka ce kashi 77 cikin 100 suna da larurar, aka zaɓa wa kowanne launi, amma ba a gaya wa yaran launin da aka zaɓa ba. Sai aka gwada karatunsu da launin da aka zaɓa, da wani launi daban, da kuma leda marar launi. Babu bambanci, ko a ma'aunin Wilkins ko a na karatun labari. 'Yan ƙalilan ɗin da suka riga suka san launinsu, su ne saurinsu ya tashi. Aka koma bayan shekara guda, labarin bai canja ba.

Hukunce-hukunce kuma sun riƙa fitowa. Tun a 2009 ƙungiyoyin likitocin yara da na ido a Amurka sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa disleksiya matsala ce ta sarrafa harshe, kuma babu hujjar da ta tabbatar da amfanin tabarau ko leda mai launi a kanta. A 2015 aka duba bayanan yara 5,822 a yankin Biristol, 172 daga cikinsu masu tsananin wahalar karatu, aka ga huɗu cikin biyar na waɗannan idanunsu lafiya lau a duk gwajin da aka yi. A 2016 Philip Griffiths da abokansa suka tace wallafe-wallafe 51 a kan launi da karatu. Abin da suka gani shi ne duk inda aka tsaurara tsarin gwaji amfanin launin sai ya ragu ko ya ɓace, inda aka sassauta kuma sai ya bayyana. A shekarar ce Bruce Evans da Peter Allen, waɗanda ke ɓangaren Wilkins, suka yi nasu tacewar suka ce akwai alamar amfani ga masu gajiyar gani, tare da amincewa cewa hujjar ba ta yi ƙarfi ba tukuna, kuma launi ba maganin disleksiya ba ne. A 2018 ƙungiyar likitocin ido ta Ostareliya da Niyu Zilan, yankin da Meares ta fito kuma talabijin ya fara yayata zancen, ta ce babu hujjar cewa larurar Irlen ma tana nan.

Ba na cikin masu cewa yaran Meares ƙarya suka yi. Akwai mutanen da farin shafi mai ƙyalli ke damunsu da gaske, kamar yadda akwai waɗanda hasken rana tsaka ke sa wa ciwon kai. Shi ya sa ƙungiyar masu disleksiya ta Birtaniya har yanzu take ba da shawarar a yi rubutu mai duhu a kan takarda ruwan madara ko wani launi mai sanyi, marar sheƙi. Da karatu ya koma kan waya da kwamfuta, gwajin ya zama kyauta. Luz Rello da Jeffrey Bigham sun gwada launuka goma na bayan rubutu a kan mutum 341 a 2017, 89 daga cikinsu masu disleksiya, suka ga an fi saurin karatu a kan launuka irin ruwan goro da rawaya. Sai dai masu matsalar da marasa ita duk haka abin ya kasance musu, wanda ke nuna zancen jin daɗin ido ne na kowa da kowa.

Ɓarnar ba a ledar take ba, don leda ba ta cutar da ido. Tana wajen kuɗin tantancewa da na tabarau, da kuma watannin da ke wucewa iyaye na zaton an gama magani, alhali yaro yana cikin shekarun da koyar da sauti da harafi ya fi kama shi. Wanda ɗansa ke kukan rubutu na rawa ko na dishi-dishi, ya fara kai shi a auna masa ido, domin sau da yawa tabarau na gama-gari yake buƙata, ko idanun biyu ne ba sa haɗuwa daidai a kan abu na kusa. In ya ce takarda mai launi ta fi masa daɗi, a ba shi, ba ta da tsada. Amma a nema masa malamin da zai zauna da shi kullum a kan harafi da sautinsa, kuma kada a jira sai ya kai shekarun Percy.